Ku Tambaya Mu Amsa: Kyamarar da ke bin ƙwallo ita kaɗai, da wadda ba ta da baya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni huɗu na ware saboda duk abu ɗaya suke zagayawa, kyamarar da ke ɗauke waje gaba ɗaya sannan na'ura ta zaɓi inda za a nuna. Masu tambayar batirin sola ku ƙara haƙuri, naku na nan tafe.

Tambaya daga wani kocin yara, Kaduna: Salam malam barka da aiki. Ni koc ne inada yara 'yan ƙasa da shekara 17 da muke tirenin kullum bayan la'asar, wallahi akwai masu ƙafa a cikinsu amma duk ejan ɗin da na yiwa magana sai yace in turo cikakken wasa ba guntu ba, mu kuma da waya muke ɗauka, yaron da ke riƙe wayar da an ci ƙwallo sai ya buga tsalle ya ɗauko mana sama. Na gani a Facebook wata kyamara kan dogon ƙarfe ba kowa a bayanta amma tana bin ƙwallo duk inda ta je. Inji ne a ciki yake juyata ko yaya? Kuma zata yi aiki a filinmu na ƙasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam koc, Allah ya biya ka kan yaran nan da kake riƙewa. Abin da zai fara baka mamaki, kyamarar nan ko motsi bata yi. Babu inji a cikinta, ba abin da ke juya mata wuya, tsaye take ƙyam daga busa usur ɗin farko har a tashi wasa. Kamfanonin da suka yi suna a harkar akwai Veo na Kofanhegan a Denmak da aka kafa a 2015, akwai Pixellot na Isra'ila da ya fara a 2013, sai Spiideo na Suwidin da Hudl na Amurka. Bari in ɗauki ta Veo tunda ita ƙananan kulob suka fi yawo da ita.

Ido biyu gareta, ɗaya na kallon rabin fili na hagu ɗaya na dama, kowanne yana ɗauka da ƙarfin 4K, sai manhaja ta ɗinke hotunan biyu kamar yadda tela ke haɗa ƙyalle biyu har ka rasa inda ɗinkin yake, a samu hoto ɗaya mai faɗin digiri 180 daga wannan tutar kwana zuwa waccan. Kaga kenan 'yan wasa 22 da alƙali duk suna ciki a kowane lokaci. To yanzu ka samu kwali ka yanke taga a tsakiyarsa, ka ɗora shi kan wannan ƙaton hoton kana ja dama da hagu, abin da ya leƙo ta tagar shi kaɗai mai kallo ke gani, shi kuwa sai ya ɗauka wani ne ke juya kyamara. In ana so a matso kusa sai a ƙanƙanta tagar a buɗa abin da ke cikinta ya cika sikirin. Wannan tagar mai yawo ita ce gaba ɗaya sirrin, kyamara ce da babu ita a zahiri sai a cikin lissafin kwamfuta.

Wa ke jan tagar? Ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da aka horar da wasanni masu ɗimbin yawa har ta iya gane wannan mutum ne wannan ƙwallo ce wannan layin fili ne. Kuma aikin ba ƙarami bane fa. Mu yi lissafi, ƙwallo faɗinta wajen santimita 22 ne, babban fili kuma mita 105 ne a tsawo 68 a faɗi, in ƙwallon na can nesa kamar mita 60 daga kyamara, a hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 7,680, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, ita bata wuce ɗigo 9 ba. Ɗigo tara, ga ƙafafu na rufeta, ga ta tana gudu. Shi yasa na'urar bata dogara da ƙwallo kaɗai, tana duba inda 'yan wasa suka taru da inda suka nufa a guje, sai ta kintata cewa nan wasan yake.

Sai kuma maganar laushin motsi, wadda ni a wajena ita ce ta fi burgewa. In da tagar zata bi duk wani ɗan motsi da aka gano, hoton zai riƙa karkarwa ne har kan mai kallo ya yi ciwo. Don haka ake koya mata ladabin ƙwararren mai ɗaukar hoto, ta tashi a hankali ta tsaya a hankali, ta bar fili gaban mai gudu, in motsin kaɗan ne ta yi kamar bata gani ba. Ɗaya daga tsofaffin lissafin da ake wannan tacewar da shi Rudolf Kalman ne ya fitar da shi a 1960, kuma da shi aka yi amfani wajen saita hanyar kumbon Apollo zuwa wata.

Tana kuskure? Sosai ma. A watan Oktoban 2020 lokacin korona an hana 'yan kallo shiga fili a Sikotlan, sai kulob ɗin Inverness Caledonian Thistle ya nuna wasansa da Ayr United ta intanet da kyamarar Pixellot, mataimakin alƙali mai ɗaga tuta a gefe yana da sanƙo, kai zagaye yana ƙyalli, na'urar ta dinga barin ƙwallo tana komawa kansa, har mai sharhi ya baiwa masu kallo haƙuri. Duniya ta yi ta dariya amma ka tuna da magoya bayan da ke gida ba su da wata hanyar ganin ƙungiyarsu sai wannan. Ka riƙe labarin nan, domin filinka ya fi na Inverness abubuwan ruɗa na'ura, jar ƙasa ba ciyawa, layi ya goge, 'yan kallo da fararen huluna sun matso har bakin layi, ga hazo da ƙura in hunturu ya shigo.

In Allah ya hore ka samu, to ka ja layi ya fito raɗau ko da toka ne ko farar ƙasa, ka sa igiya a tura 'yan kallo baya, ka kafa ta daidai layin tsakiya kuma sama sosai, ƙafafun da ake saida mata suna kaiwa daga mita huɗu har bakwai kuma tsayin nan shi ke raba 'yan wasa da juna a hoto. Tunda bayan la'asar kuke wasa rana na yamma, ka kafa ta ta ɓangaren yamma tana kallon gabas, rana ta zama a bayanta. A ɗaure ƙafar da buhun yashi saboda iska. Rigunan yara kuma a sa musu lamba babba mai fitowa, ejan ba zai gane yaronka ta fuska ba daga wannan nisan.

Amma gaskiya koc kuɗin saye ba shine matsalar ba kaɗai, sai ka riƙa biyan kuɗin rajista da kuɗin waje kafin manhajar ta maka aiki, kuma sai ka loda wasa guda na minti 90 zuwa intanet, giga da yawa kenan, da netwok ɗin da muke fama dashi yana iya kwana yana tafiya. Shawarata ku haɗu akadami uku ko huɗu ku sayi ɗaya kuna karɓa-karɓa. Kafin nan kar ka zauna jira, ka samu waya mai kyau da ƙafa uku, ka hau wani abu mai tudu daidai tsakiya, ka ba wanda baya goyon bayan kowa a wasan, ka ce masa kar ya matso da hoto kar ya yanke, ya bi wasa a hankali kawai. Ejan cikakken wasa yake so don ya ga abin da yaro ke yi lokacin da ƙwallo bata ƙafarsa, kuma nan ne ainihin amfanin faffaɗan hoton nan gareka kai koc, zaka iya barin tagar da na'ura ta zaɓa ka koma baya ka duba ina lamba huɗunka ya tsaya daƙiƙa biyar kafin a zura muku.

Tambaya daga wani ɗalibi, Zariya: Malam ni nake ɗaukar tafsirin malaminmu da azumi muna sawa a YouTube, kyamara ɗaya ce kuma ni kaɗai ne, in alaramma mai jan baki ya fara sai in juya kansa, in malam ya karɓa in dawo, wani lokaci har in makara. An ce akwai wadda ke bin murya da kanta, in saya?

Amsa: Allah ya karɓi aikin, ɗan'uwa. Abin sha'awa shine wannan fasahar ba a filin ƙwallo aka fara gwadata ba, ɗakin karatu da ɗakin taro aka yiwa ita tun farko. A shekarar 2000 wasu masu bincike biyu, Jonathan Foote da Don Kimber, a ɗakin binciken kamfanin Fuji Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya suka nuna wata na'ura mai suna FlyCam, ƙananan kyamarori masu araha aka jera kowacce na kallon gefe guda aka ɗinke hotunan, sai kwamfuta ta riƙa bin mai jawabi da taga ba tare da an juya komai ba. A 2007 Microsoft ya fito da RoundTable da ake ajewa tsakiyar tebur, daga baya Meeting Owl ta zo da irin wannan aikin, a 2021 kuma Apple ya sa abin da ya kira Center Stage a iPad, faffaɗan ido a gaba yana yanko fuskarka duk inda ka matsa.

Masu bin murya makirfo da yawa ke jikinsu a zagaye. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka muryar mai magana tana riga isa makirfon da ke kusa da shi kafin na ɗaya gefen da ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da wannan ɗan bambancin na'urar ke gane daga ina maganar ta fito. To ka duba masallaci, lasifika a kowace kusurwa, amsa-kuwwa daga bango da rufi, fanka na juyawa, jama'a na kabbara ko salati tare, muryar malam ta fi fitowa daga lasifika akan daga bakinsa. Na'urar da aka yi don mutum takwas a ɗaki mai kafet zata rikice a nan.

Kar ka saya. Malam a zaune yake, alaramma a zaune yake, ba mai yawo a cikinsu. Ka samu kyamara ko waya mai ɗaukar 4K ka kafa ta ta ɗauko su biyun tare kar ka sake taɓa ta. Hoton 4K ɗigo 3,840 ne a faɗi 2,160 a tsayi, daidai hoton 1080 guda huɗu kenan, biyu sama biyu ƙasa, to wajen editin sai ka yanko taga ɗaya ta malam, ɗaya ta alaramma, ɗaya ta su biyun, kana sauyawa daidai inda aya ta ƙare, ba makara ba rawar hannu. Ka zama kai ne mai jan tagar, kuma kai ka san inda waƙafi yake, na'ura bata sani ba. Kuɗin da ka tanada ka sa a sauti, ka ja waya kai tsaye daga amfilifaya zuwa na'urar ɗauka, mai sauraron tafsiri zai jure hoto mai duhu amma ba zai jure muryar da baya ji ba.

Tambaya daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar: Ina gaisuwa malam. Irin ta ƙwallon nan za ta iya ɗaukar kokowa?

Amsa: Ina amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Abin da aka horar da na'ura a kai shi ta sani, waɗannan kuwa an horar dasu ne kan ƙwallon ƙafa da kwando da zari-ruga da makamantansu, suna neman ƙwallo da layukan fili mai kusurwa huɗu. Fagen kokowa da'ira ne, ba ƙwallo, ga makaɗa da masu kirari na shiga suna fita. Amma aikinka ya fi sauƙi, mutum biyu ne a waje ƙarami. Ka nemi sandar riƙe waya mai saita kanta irin su DJI Osmo Mobile, ka zana akwati kan ɗan kokowa a sikirin zata bi shi, sai dai ita da gaske take juyawa, kuma in suka sarƙe ƙura ta tashi tana iya sakinsa, hannunka ya zauna kusa.

Tambaya daga wata mai ɗaukar bidiyon biki, Kano: Malam barka da warhaka. Ni mace ce ina ɗaukar kamu da sa lalle da wunin mata inda ba a son maza su shiga. Kwastomomi sun dameni da 360, wasu na nufin abin nan da ake hawa yana zagayawa wasu kuma kyamarar kan sanda. Ɗaya ne? Na ari ta kan sandar na gwada sai hoton ya fito dishi-dishi alhali an rubuta 5.7K, kuma wata baiwar Allah fuskarta ta rabe biyu. Ni ce ban iya ba?

Amsa: Barka kadai 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba ɗaya bane. Wanda ake hawa a wajen dina waya ce ko kyamara ta yau da kullum aka ɗaura a hannun ƙarfe tana zagaya mutum, gaba ɗaya kawai take kallo. Ta kan sandar ita ce 360 ta gaske, irin su Ricoh Theta da ta fara fitowa a 2013, da GoPro Max, da Insta360 na birnin Shenzhen a Chaina. Ki ɗauki duma a raba shi biyu ya zama ƙwarya biyu, idon gaba ya cika ƙwarya ɗaya da hoto idon baya ya cika ɗayar, sai a kifa su a haɗe baki da baki, mai kallo yana zaune a cikin duman yana waiwaya duk inda yaso. YouTube da Facebook sun fara karɓar irin wannan bidiyon tun 2015, amma yawancin masu sana'a yanzu basa tura shi a haka, suna zama ne daga baya su yanko taga su fitar da bidiyo na yau da kullum.

Dishi-dishin ba laifinki bane, lissafi ne. 5.7K ɗin nan ɗigo 5,760 ne amma an shimfiɗa su a zagaye gaba ɗaya, ke kuma in kika yanko kashi ɗaya cikin huɗu, wato digiri 90, ɗigo 1,440 kacal kika samu, bai ma kai 1,920 na cikakken HD ba, in kika ƙara matsowa fuskar amarya ya ragu zuwa 960 ko ƙasa. Sai mai 8K ce ke bada 1,920 a wannan yankan. Ƙari kuma irin waɗannan kyamarorin basa son ƙarancin haske, ɗakin biki da dare da fitilu masu launi shine inda suka fi rauni. Ki matso da ita kusa da abin da kike so, mita ɗaya zuwa biyu, ki ƙara haske. Ki tanadi memori babba mai sauri don tana iya cin kusan giga ɗaya a minti, ki kula da zafi don tana ɗaukar zafi ta kashe kanta, idanun kuma a bulluƙe suke, ajewa ɗaya a kan tebur ba murfi sun karce.

Fuskar da ta rabe, wannan baiwar Allah ta tsaya ne daidai bakin ƙwaryar inda ake ɗinki. Ki ɗaga yatsa gaban hancinki ki rufe ido ɗaya ki buɗe ɗaya, zaki ga yatsan na tsalle, haka idanun kyamarar biyu basa ganin abu na kusa a waje ɗaya, sai ɗinkin ya kasa haɗuwa. Wannan makahon wurin ne ma yasa sandar ke ɓacewa a hoto. Maganinsa ki sa ido ɗaya ya fuskanci amarya sosai, gefen kyamarar ya kalli bango ko inda ba kowa kusa.

Akwai kuma abin da baki tambaya ba amma sai na faɗa, don ya taɓa faruwa dani. Walimar gidanmu ce na kafa irin wannan a tsakar gida don ɗaukar masu shigowa gaisuwa, da dare na zauna ina jan hoton da yatsa sai na waiwaya baya, ga wata gwaggonmu a bakin ƙofar kicin ta zame mayafi tana shan iska, gefenta wata na shayar da jariri, dukansu sun koma can ne musamman don sun ga inda na tsaya sun ɗauka nan ne bayan kyamara. Jikina ya yi sanyi, a daren na goge fayil ɗin duka har da gaisuwar da nake so.

Mutanenmu sun saba in ba ka son hoto sai ka koma bayan mai ɗauka, wannan kuwa bata da baya, kuma ke an kira ki ne saboda an amince mata zasu sake a gabanki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗauki hoton da za a gane mutum a matsayin bayanansa. Don haka kafin ki kunna ki sa a sanar a lasifika cewa wannan tana ganin ko'ina, ki kafa ta wajen fili inda ake rawa da liƙi kawai, ki kashe lokacin cin abinci da sallah da canza kaya. Kar ki bari manhaja ta zaɓo miki wuraren da za a nuna ita kaɗai baki duba ba, motsi da fuska take bi, bata san wacece matar aure da mijinta bai yarda a sata a TikTok ba. Kuma kar ki tura asalin fayil ɗin zagayen ga kowa ko da ango ne, wanda kika yanke kika duba shi zaki bayar, na asalin kuma ki goge shi a gaban uwar amarya ko ki miƙa mata memorin a hannunta.